Kifin ado da girman mazauninsa

Tambaya: Ɗana ya matsa sai na saya masa kifin zinariya guda biyu. Mai shago ya ce ƙaramar kwalba ta ishe su. Haka ne?

Amsa: Hajiya, mai shago ciniki yake nema. Wannan kifi, da mutanen Sin suka fara kiwo fiye da shekara 1,000 da suka wuce, girma yake yi. Mai dogon jiki yakan kai santimita 30, don haka ki zaɓi mai dunƙulallen jiki. Shi ma ki tanadar masa akwatin gilashi mai cin lita 75, sannan ki ƙara lita 40 saboda na biyun.

Kifi ne mai ci da yawan kashi. Dattinsa yana sakin amoniya, wadda ke ƙona masa mashaƙa idan ruwan kaɗan ne. Ki fifita akwati mai faɗi a kan mai tsawo, domin ta saman ruwa iska ke shiga. Ruwa mai ɗumi kuwa ba ya riƙe iska sosai, ga zafin bazara, ga ɗauke wuta da ke tsayar da matatar ruwan akwatin.

Duk mako ki sauya rubu'in ruwan, ki cire kulorin daga ruwan famfo tukuna.