Amsoshin Tambayoyinku: Mai Ciwon Suga da Kankana da Dabino

Tambaya: Ina da ciwon suga, likita kuma ya ce in rage ƙiba. Wasu sun ce in daina taɓa kayan marmari, wasu sun ce kankana ai ruwa ce zalla, dabino kuwa sunna ne, ba ya cutarwa. Wanne zan kama? Daga wata baiwar Allah a Gashuwa.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Duka ɓangarorin biyu sun wuce gona da iri. Ba a hana ki kayan marmari ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana son babba ya ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a kullum. Abin lura shi ne yawan da kika ci a zama ɗaya.

Masu cewa kankana ruwa ce suna da 'yar gaskiya, domin sukarin da ke cikin giram 100 kusan giram 6 ne kawai. To amma wa ke tsayawa a giram 100 a zafin Afrilu na Gashuwa, ga kankanar fadama ta cika kasuwa, ga araha? Wadda ta zauna ta shanye kilo guda ta sha sukari kusan cokalin shayi 15 ba ta sani ba. Yanka ɗaya matsakaici ya ishe ki. Mangwaro ya ninka kankana sukari, don haka ƙarami guda ɗaya, ko rabin babba. Goba ta fi su rangwame, saboda harzar da ke cikinta tana rage saurin shigar sukari cikin jini, tana kuma riƙe ciki.

Dabino kuwa, kusan kashi biyu cikin uku na busasshensa sukari ne. Ƙwaya ɗaya ko biyu ƙanana sun isa buɗe-baki. Inda ake samun matsala shi ne a ci dabino bakwai, a bi da kunun gyaɗa mai sukari, a rufe da zoɓo.

Ki ci ɗan itacen yadda yake, kada ki matse shi ko ki markaɗa ki tace, don harzar ce ke tafiya, a bar ki da zaƙin. Ki raba sau biyu a wuni, tsakanin abinci, ba a kan tuwon shinkafa ba. 'Yar gyaɗa ko kindirmo marar sukari a gefe suna taimakawa. In kina da na'urar gwaji, ki gwada awa biyu bayan ci. Yawancin likitoci suna son sukarin jini ya zauna ƙasa da 10, wato 180 a ɗaya ma'aunin. Kada kuma ki ajiye maganinki don an ce aduwa na maganin suga.

Tunda daga Gashuwa kika rubuto, dole in ambaci ƙoda. Yankin Bade, inda Gashuwa take, ya daɗe yana fama da ciwonta, suga kuma na cikin manyan abubuwan da ke lalata ta. Idan ƙoda ta raunana, sinadarin fotashiyam da ke da yawa a ayaba da lemo da dabino yana taruwa a jini, har ya taɓa bugun zuciya. Ki nemi a gwada miki jini da fitsari a babban asibitin Gashuwa ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, aƙalla sau ɗaya a shekara. In an ga matsala, ma'aunin da likitanki ya ba ki shi za ki bi, ba nawa ba.