Wa Ke Ɗaga Wayar a Fim Ɗin Wonderland?

Tambaya: Kwanan nan na kalli wani fim na Koriya mai suna Wonderland, inda mutane ke kiran mamatansu ta bidiyo suna hira da su kamar suna raye. Mahaifiyata ta rasu bara, kuma wayata cike take da saƙonnin muryarta. Abin da na gani zai yiwu da gaske, ko shirin fim ne kawai? In zai yiwu, zai rage mini kewarta? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Allah Ya jiƙan Mama, Ya kyautata makwancinta, ku kuma Ya ba ku haƙurin rashi. Tambayarki biyu ce, kuma ta farkon ta fi sauƙin amsawa. Amma bari mu fara da fim ɗin saboda waɗanda ba su gani ba, su kuma yi mini afuwa don zan taɓa labarin.

Wonderland ya fito a Koriya ta Kudu a watan Yunin 2024, daga baya ya hau Netflix. Kim Tae-yong ne ya ba da umarni, matarsa Tang Wei kuma, 'yar wasan nan ta ƙasar Sin, tana cikin manyan jaruman, tare da Bae Suzy da Park Bo-gum da Jung Yu-mi da Choi Woo-shik. Duk da wannan taron taurari, bai yi kasuwa a sinimomin Koriya ba. Sunan fim ɗin sunan wani kamfani ne a cikin labarin, wanda ke tattara hotuna da murya da tarihin wanda ya mutu ko ya faɗa doguwar suma, ya ƙera kwafinsa da ƙirƙirarriyar basira. Daga nan dangi sai su riƙa kiransa ta bidiyo, shi ma ya kira su. Kwafin bai san cewa shi kwafi ba ne. Akan tsara masa wata rayuwa a wuri mai nisa, don a sami dalilin da ya sa kullum sai ta waya. Bai Li, wadda Tang Wei ta fito a matsayinta, ta yi rajista kafin ta rasu don kada ƙaramar 'yarta ta san ta mutu, sai aka mayar da ita mai haƙar kayan tarihi a cikin hamada. Jeong-in kuwa, ma'aikaciyar jirgin sama, saurayinta Tae-joo ne ke kwance bai san inda kansa yake ba, ita kuma ta sa aka yi mata shi a matsayin ɗan sama jannati.

To, zai yiwu? Rabinsa ya riga ya yiwu, kuma a Koriyar ma aka yi wanda ya fi tayar da ƙura. A watan Fabrairun 2020 gidan talabijin na MBC ya nuna wani shiri da aka sa wa wata uwa tabarau mai nuna duniyar kwamfuta, ta ga siffar 'yarta da ta rasu a 2016 tana da shekara bakwai. Miliyoyin mutane sun kalli matar tana kuka tana miƙa hannu. Sai dai wannan siffa ba hira take yi ba, abin da aka tsara mata kawai take faɗa, bayan an shafe watanni ana aikin ƙera ta. A 2022 wani kamfanin Koriya, DeepBrain AI, ya fito da Re;memory, inda ake ɗaukar mutum bidiyo na sa'o'i tun yana raye, don iyalinsa su zo su yi magana da hotonsa bayan ya rasu. Tun kafin nan, Eugenia Kuyda ta tara saƙonnin wani abokinta da mota ta kaɗe a Mosko a 2015, ta gina manhajar da ke amsawa da irin salon rubutunsa, kuma daga wannan aiki manhajar Replika ta samo asali. Yau kwaikwayon murya ba ya buƙatar abu mai yawa. Saƙonnin da ke cikin wayarki sun isa a sa na'ura ta furta, da muryar da za ki rantse ta Mama ce, kalmomin da ba ta taɓa faɗa ba.

Rabin da bai yiwu ba shi ne Bai Li ta cikin fim, wadda ke damuwa da 'yarta ko da an kashe waya, take neman hanyar fita daga hamadarta don ta je ta same ta. Wannan aikin marubuci ne. Manhajar gaske ba ta jiran kiranki, ba ta kewarki. Abin da take yi shi ne hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, bisa ɗimbin rubutun mutane da aka horar da ita a kai, sannan a ɗora mata ɗan abin da aka samu na mamacin. Kamar tela ne da kika kai wa guntayen zanin Mama kika ce ya ɗinka miki cikakkiyar riga. Duk inda zanin ya ƙare, da yadin kasuwa zai cike, kuma ba zai nuna miki wurin haɗin ba. Ki tambaye ta abin da Mama ta ce miki ranar da aka kai ki ɗakin miji, za ta ba ki amsa mai daɗi, da muryarta, alhali ƙirƙira ce. In kika daɗe kina ji, wata rana sai ki kasa rarrabe wadda Mama ta faɗa da wadda aka saka mata a baki.

Yanzu ga ta biyun, wadda na san ita ce ta sa kika rubuto.

A ganina wurin da fim ɗin ya fi kaifi labarin Jeong-in ne, ko da yake na Bai Li ya fi sa hawaye. Tae-joo na waya ba shi da aibi. Shi ke tashinta da safe, ya yi mata barkwanci, ba ya gajiya, ba ya fushi. Kwatsam sai Tae-joo na asibiti ya farfaɗo. Ya dawo gida da ƙwaƙwalwa mai rauni, yana mantuwa, yana yin abubuwan da ke ba ta kunya da haushi, yana buƙatar a kula da shi. Sai ga Jeong-in tana laɓewa tana kiran na waya, ga na gasken a ɗaki. Mutumin da ta yi ta roƙon ya tashi ya kasa yin takara da kwafin kansa. Nan ne nake jin tsoron abin. An gina irin wannan manhaja don ta faranta wa mai biyan kuɗi, kuma babu ɗan'adam ɗin da zai iya faranta miki kullum. Mahaifiyarki ta gaske ta taɓa yi miki faɗa, ta taɓa hana ki abin da kike so, wataƙila ta taɓa yi miki shiru na kwana biyu. Wadda za a ɗinka miki ba za ta yi ba, sai in kin nema. Ƙannenki da mijinki da ƙawayenki, waɗanda ke da nasu gajiyar da nasu halin, su ne za a riƙa auna su da ita.

Akwai kuma wata tsohuwa a fim ɗin da ke wahalar da kanta da aiki don ta saya wa jikanta na cikin waya kayan ƙawa, shi kuwa sai ƙara nema yake yi. An wuce labarinta da sauri, kuma wannan na cikin laifin fim ɗin, ya ɗebo labarai da yawa ya kasa ba kowanne haƙƙinsa. Amma ita ce ta fi kusa da abin da ke faruwa a kasuwa. A watan Mayun 2024 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Kambirij ta Ingila sun yi gargaɗi cewa kamfani zai iya amfani da muryar mamaci ya tallata wa danginsa kaya. Sun kuma tayar da batun izini. Wannan ya shafe ki kai tsaye, domin Mama ta aiko miki da waɗannan saƙonni ne ke kaɗai, ba ta ba wani kamfani a wata ƙasa ba. Da zarar kin ɗora su a manhaja, sun fita daga hannunki.

Ban ce duk wanda ya gwada ya cutu ba. Fim ɗin ma bai ce haka ba. Hae-ri, ma'aikaciyar kamfanin, ta tashi ne da iyayen waya tun tana yarinya, tana cin abinci tana hira da su, kuma an nuna ta lafiya lau. Bambancinta da 'yar Bai Li shi ne ita ta san sun mutu. Yarinyar da aka ɓoye wa kuwa sai ta dage lallai sai ta je wurin uwarta, har ta ɓace a filin jirgi, kakarta na nema. Masu nazarin halayyar ɗan'adam sun daɗe da yarda cewa riƙe alaƙa da mamaci ba ciwo ba ne. Koriyawa na da al'adar jesa, inda iyali ke taruwa ranar zagayowar rasuwa su jera abinci don girmama magabata. Mu kuma muna da addu'a da sadaka da ziyarar dangin mamaci da aminansa. Duk waɗannan an gina su a kan yarda cewa mutumin ya tafi, shi ya sa ake yi masa. Manhajar Wonderland kuwa sana'arta ita ce ta nuna miki yana nan, ya dai yi tafiya.

Saboda haka shawarata ita ce ki adana saƙonnin nan yadda suke. Ki kwafe su a wuri biyu ko uku, don waya na faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Ki saurare su ranar da kika ji kina so, ki yi kukanki in ya zo, babu laifi. Abin da ke ciki Mama ce ta faɗe shi da bakinta, a ranar da ta faɗe shi. Hukuncin ƙera mata sabuwar magana a addinance kuwa, ki kai wa malamin da kika amince da iliminsa, ki yi masa bayanin yadda abin ke aiki kamar yadda na yi miki, don ya san a kan me yake ba da fatawa.

Kin ce bara ta rasu. Kewa bayan shekara ɗaya ba abin mamaki ba ne. Amma in har yanzu barci na gagararki, ko abinci, ko kin kasa komawa aiki da shiga mutane, to wannan yana da suna a wurin likitoci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya baƙin cikin rashi da ya zarce ƙima a jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, kuma ana taimaka wa masu shi. Ki je sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibitin da ke kusa da ke, ki tafi da wata 'yar'uwa da za ta zauna tare da ke a layi.