Uwargida, a Fatakwal ranar ma sai an neme ta

Matar da aka kawo unguwar Borokiri ta Fatakwal daga Kano ko Katsina takan rasa abu biyu ba tare da ta lura ba: tsakar gida da ƙwaryar nono. A Arewa ko mace tana kulle, a tsakar gida take wanki da shanya da tankaɗe, ba mayafi, rana na dukan hannuwanta da wuyanta. A nan kuwa ɗaki ɗaya ne a gidan haya, tsakar gidan ta kowa da kowa ce, har da mazan da ba muharramai ba, don haka ba a fita sai da hijabi har ƙasa. Ga damina mai kai wata takwas ko tara, ruwan shekara ya haura milimita 2,000, fiye da ninki biyu na abin da Kano ta saba samu. Ga kuma baƙin hayaƙin nan da ya fara addabar garin a ƙarshen 2016, wanda ya koya wa mutane rufe taga.

Fata ce ke ƙera sinadarin bitamin D idan rana ta taɓa ta kai tsaye, shi kuma aikinsa taimaka wa hanji ya zuƙi kalsiyam, wanda da shi ake gina ƙashi. Baƙar fata ta fi farar fata jimawa a rana kafin ta samar da shi. Wannan na cikin abin da ya sa likitocin Birtaniya suka sake ganin lanƙwasar ƙafa a yaran Indiyawa da Pakistanawa na birnin Gilasgo a shekarun 1960, kuma har yau hukumar lafiyarsu ke ba baƙar fata shawarar shan maikurogiram 10 kullum, duk shekara. Fatakwal ba Birtaniya ba ce, amma wadda ke wuni a ɗaki ba ta da rabo a ranar da ke waje.

Alamomin ƙarancin bitamin D a babba su ne ciwon baya da ƙugu da cinyoyi, kasala, da wahalar miƙewa daga zaune ba tare da dafa gwiwa ba. Mu kuma sai mu ce sanyin kurmi ne, a sha jiƙo, a sayi maganin ciwon jiki a kemis. A yaro kuwa za a ga jinkirin tafiya, maɗiga ta daɗe ba ta rufe ba, wuyan hannu ya yi kauri, ƙafafu sun yi baka ko gwame. Jariri ma yakan yi jijjiga idan kalsiyam ya yi ƙasa sosai, kuma wannan na asibiti ne nan take.

Rana dai kyauta ce, sai dai tana da lokaci. Ta sassafe ba ta da ƙarfin wannan aiki, a bari sai hantsi ya ɗaga, daga ƙarfe 10 zuwa azahar. Minti 20 zuwa 30, sau uku ko huɗu a mako, hannuwa da ƙwauri a buɗe. Ta bayan gilashi ba ta yi, domin gilashi na tare hasken da ake buƙata. A nan aikin maigida ne: ya kewaye wani lungu a bayan ɗaki ko baranda da zana ko labule, sama a buɗe. Matan gida ɗaya ma suna iya haɗa baki su zaɓi lokacin da maza suka tafi kasuwa. Mai jego ta fi kowa buƙata, kada kwana arba'in ya ƙare mata a kan gado. Shi ma mai gadin da ke kwana a bakin aiki ya wuni yana barci, maganar ta shafe shi. Jaririn da bai kai wata shida ba kuwa ba a shanya shi a rana. A tambayi likita ɗigon bitamin D, domin nonon uwa, duk da albarkarsa, ba ya ɗauke da isasshe.

Amma kada a ɗora wa rana laifin duka. Binciken da Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos, wanda aka buga a 1999, ya nuna yaranmu masu lanƙwasar ƙafa sun fi warkewa da kalsiyam a kan bitamin D shi kaɗai. Wato yaron da aka yaye a kan koko da tuwon masara zalla yana cikin haɗari ko da a rana yake wuni. Nan ne rashin nono ke cizo, tunda ba kullum za ki ji 'yar Fulani na tallarsa a Borokiri ba.

Abin da garin ya hana ta nan ya biya da kifi, ga kasuwar Creek Road a kusa. Kifi mai maiƙo irin taitus da shawa da sadin na da bitamin D, haka ƙwanduwar ƙwai. Ƙananan busassun kifi kuwa a daka su da ƙayarsu a zuba a miya, a nan kalsiyam ɗin yake, haka ma kirafish. Na san akwai masu cewa ƙarni. A fara da kaɗan a miyar kuka, ita ma kukar tana da nata kalsiyam ɗin, zogale ma haka. Madarar gari ko ta gwangwani, a duba jikinta ko an ƙara mata bitamin D.

Idan ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko ƙafar yaro ta ci gaba da lanƙwashewa bayan ya shekara biyu, a nufi asibitin koyarwa na jiha, wanda aka fi sani da BMH, ko na jami'ar Fatakwal, UPTH, a nemi gwajin jini da hoton ƙashi. Kada a sayi manyan ƙwayoyi a sha da ka, domin bitamin D taruwa yake a jiki, yawansa na iya kawo tsakuwar ƙoda. Mai ciki kuma kada ta sha man hantar kifi sai ta tambaya a wurin awo, saboda yawan bitamin A da ke cikinsa.