Yadda ake kafa murhun burukutu

Shekarar da Gwaggo ta dawo gidan mahaifina bayan rasuwar mijinta, tun kafin a gyara mata ɗaki ta roƙi fili a bayan rumbuna, taku 12 a tsaye, 8 a kwance. Nan ta ce za ta kafa murhunta. Ƙauyenmu na Maguzawa ne, a kudancin Katsina wajen Malumfashi, kuma a wancan lokaci ba a gayya, ba a biki, ba a zaman makoki sai an dafa giya. Ni ina ɗan shekara 11, don haka ɗebo ruwa da tura itace suka faɗo kaina. Da haka na ga aikin tun daga kwaɓin ƙasa har ranar da aka miƙa wa baƙo ƙoƙon farko.

Wurin ta fara zaɓa, kuma ta ɓata kwana biyu a kansa. Tana son kusa da rijiya, domin giya ruwa take ci kamar rairayi. Tana son nesa da jinkar ɗaki da tarin kara, saboda wutar da za ta kwana tana ci. Sannan ta tsaya da yamma ta ga inda iska ke kaɗawa, don kada bakin murhu ya fuskance ta. Da ta gamsu, sai aka kafa rumfa mai tsawo, aka kewaye gefe biyu da zana. A kusurwar da rana ba ta kaiwa aka yi daɓe: jar ƙasa da tsakuwa, mata huɗu da madaɓai suna bugu, aka gama aka shafe da makuba. Wannan daɓen shi ne gadon tsiro, kuma an ɗan karkata shi don ruwa ya gangare. Daɓen da ruwa ke kwanciya a kansa ruɓar da dawa yake yi.

Murhun kansa ba irin na tuwo ba ne mai duwatsu uku. Manyan tukwane uku aka jera kusa da juna a kan tubali, kowace ta ɗaga daga ƙasa kamar taƙi biyu, sai aka bi su da kwaɓaɓɓiyar ƙasar suri da aka cakuɗa da ƙaiƙayi, aka rufe su har kafaɗa. Baki ɗaya aka bari a gaba don itace, da 'yan ƙofofi biyu a baya inda hayaƙi zai fita. Idan an gina shi daidai, harshen wuta zai bi ƙarƙashin tukwanen duka, gungume ɗaya ya yi aikin uku. Mace mai giya ribarta a itace take. Wadda murhunta ke zubar da zafi, ƙarshen wata sai ta ga mai itace ta yi wa aiki. An bar ginin kwana biyar ya sha iska, sannan aka fara da wutar kirare, kaɗan-kaɗan. Mai gaggawar da ya hura babbar wuta a ɗanyen murhu zai ga ya tsage tun daren farko.

Sauran kayan ba su da wuyar samu: randuna biyu masu faɗin baki, kwatanniya, masakai, ludayi mai doguwar mariƙa, muciyar da ta kusa tsawona, da mataci, wato kwando mai zurfi da aka shimfiɗa wa ciyawa a ciki aka ɗora a kan itace mai rassa uku. Sababbin tukwane sai an dafa ruwan dusa a cikinsu sau biyu kafin su daina tsotse ruwa da ɗanɗanon ƙasa. Randa ɗaya ce kawai ba sabuwa ba. Ita Gwaggo ta ɗauko a ka tun daga gidan mijinta, a nannaɗe da tsohon zane, ta hana a ɗora ta a kan jaki. Baƙa ce, cikinta ya yi santsi, kuma sabulu bai taɓa shiga cikinta ba. A nan giya ke tashi. Daga baya na gane cewa yis ɗin da ke tayar da giyar yana zaune ne a cikin 'yan ramukan jikin randar, daga wannan dafuwa zuwa waccan. Ita dai cewa take yi randar ta san hannunta.

Yanzu yawancin masu yi sun koma rabin duro na ƙarfe, saboda ba ya fashewa kuma yana saurin ɗaukar zafi. Ba laifi, amma a san abin da duron ya taɓa ɗauka. Wanda aka zuba maganin feshi ko man fetur a ciki, ko an wanke shi sau nawa, ba na abinci ba ne. Haka ma dawar shuka da aka yi wa magani, mai launin ja ko shuɗi a jiki: ba a kusantar da ita ga tukunya.

Lissafin kwanaki daga ranar kasuwa ake yinsa, a koma baya kamar kwana 10. Jar dawa Gwaggo ta fi so, saboda launi da ɗan baurin da take bayarwa. A sheƙe, a wanke, a jiƙa ta kwana, a tsane a kwando, a baza a daɓe kaurin yatsu uku, a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara. Safe da yamma a yayyafa ruwa a juya da hannu. Wajen kwana huɗu saiwoyi sun fito sun sarƙe da juna, idan ka tura hannu ka ji ɗumi kamar cikin kaza mai kwanci. Ka tauna ƙwaya ɗaya, in ka ji zaƙi ya fara, ya isa. Sai shanya, kwana biyu a rana mai kyau, a murje saiwoyin a sheƙe su. Wannan murjewar ba don kyau ba ce. Duk makiyayi ya san gyauron dawa kan kashe dabba, to irin wannan dafin yana cikin saiwa da tohon tsiro, kuma shanya da murjewa da doguwar dafuwa su ke kore shi. Daga nan sai niƙa, barzajje ba laushi ba. A da a dutse, a zamanina a inji.

Har nan kowa zai iya. Mai kunun zaƙi ma ta san tsiro. Inda ake rabuwa shi ne yammacin ranar da aka kwaɓa garin.

Za a zuba garin tsiro a randa da ruwan sanyi, a dama sosai da hannu har gwiwar hannu, a jefa ɗan ruwan yauƙi na dakakken karan kuɓewa don ya ja garin ƙasa, sannan a bar shi. Ba a taɓawa, ba a jingina da randar. Bayan sa'o'i biyu ko uku sai ka ga ya rabu biyu: ƙullu mai kauri a ƙasa, wani ruwa garai-garai mai ɗan ja a sama. Wanda bai sani ba zai ɗauka ruwan banza ne. Gwaggo kuwa da kanta take kwashe shi, da ƙoƙo, a hankali, tana kwantar da bakin ƙoƙon a saman ruwan don kada ƙasan ya motsa, ta tara shi a kwatanniya, ta rufe da faifai a inuwa. Ƙullun kaɗai ke hawa wuta. Ana dafa shi ana tuƙawa ba tsayawa, domin da zarar muciya ta huta ƙasan ya kama, kuma ƙaurin da ya shiga giya ba ya fita. Zai yi kauri kamar kunu, ya yi duhu, ya fara furzar da kumfa mai ƙona hannu. Sai a janye itace, a kwashe shi a mayar randa.

Ga wurin gwanintar. Ruwan nan da aka ajiye dole ya koma cikin dafaffen ƙullun, amma a daidai lokacinsa. Idan ƙullun na da zafi sosai, zai kashe ƙarfin ruwan, washegari ka tarar da kunu mai kauri, ba zaƙi, wanda ba zai tatu ba balle ya tashi. Idan an bari ya huce da yawa, ƙarfin ba zai yi aiki da kyau ba, tsami ya riga zaƙi zuwa. Gwaggo ba ta da ma'aunin zafi. Tana fifita ƙullun da ludayi, ta ɗaga ta zubo, ta ɗaga ta zubo, can sai ta tsoma ɗan yatsa ta ƙirga a ranta. In ta cire da sauri, ta ci gaba da fifitawa. In ta iya daurewa na ɗan lokaci kafin ta cire, sai ta ce, “Ɗan nan, kawo ruwan.” Kana zubawa tana juyawa, kuma a gaban idonka abin da muciya ke tsayawa a cikinsa zai fara saki, ya tsinke, ya koma ruwa-ruwa. Ka lasa ka ji zaƙin da babu shi ɗazu.

Sau ɗaya na ɓata mata. Ta tafi gaisuwar rashin lafiya ta ce in jira ta, ni kuma ina jin ana wasan langa a dandali. Na juye ruwan a ƙullu yana tururi, na ruga. Dawa tiya 15 ta tafi a haka, aladu suka yi biki. Ba ta dake ni ba. Ta sa ni na tauna abin, ta ce, “Ka ji? Haka gaggawa take a baki.” Sati biyu ina ɗebo ruwa ni kaɗai.

Sai da na yi karatu na san dalilin. Sitacin dawa ba ya nuna sai zafi ya kai wajen digiri 70 ko ya wuce, alhali sinadaran da ke cikin tsiro, masu mayar da sitaci sukari, suna mutuwa a irin wannan zafin. Sha'ir ɗin da Turawa ke giya da shi ba shi da wannan matsalar, sitacinsa na nuna tun kafin sinadaran su lalace, shi ya sa su a tukunya ɗaya suke gamawa. Matan da ba su taɓa shiga aji ba sun warware wannan da ƙoƙo da ɗan yatsa: a ware ruwan da ke ɗauke da ƙarfin, a dafa sitacin shi kaɗai, a sake haɗa su. Lokacin da gwamnatin Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, manyan kamfanonin giya sun koma kan dawa dole, har da irin gajerar kaurar da aka fitar a cibiyar binciken noma ta Samaru, kuma wannan matsalar ta zafi ita ce ta sha musu kai. Dabarar raba ruwa da ƙullu tana nan a pito na arewacin Gana, da dolo na Burkina Faso, da bilbil na wajen Marwa a Kamaru. Sunaye ne suka bambanta.

Bayan haɗawa sai a rufe randa a bar shi ya kwana. Da asuba ake ɗanɗanawa, domin cikin dare tsami ke shiga, irin na fura da nono. Ana son ya zo ya tarar da zaƙi, su zauna tare. Lokacin zafi yakan zo tun kafin kiran sallar farko daga garin Musulmi da ke ƙetaren rafi, lokacin hunturu sai hantsi. Da ya kai inda take so, ba jira: a tace a mataci, a mayar da ruwan tukwanen nan uku, a hura wuta sosai. Wannan dafuwa ta biyu ita ke tsayar da tsamin, kuma takan ɗauki rabin yini, ana kwashe kumfa ana rage ruwa. Dusar da ta rage a mataci ta dabbobi ce. A wannan matakin abin zaƙi ne zalla, ba ya bugarwa, kuma shi ake ɗiba wa yara a ƙoƙo. Ladan tura itace ke nan.

Da yamma, in ya huce sarai, a juye a baƙar randa, a zuba ɗan guntun giyar da ta gabata. Tsakar dare za ka ji ta tana magana, wani sauti kamar yayyafi a kan busasshen ganye. Da safe kumfa ta cika baki, ƙamshi ya kai hanya, ba sai an yi shela ba. Ba a toshe bakin randar, faifai kawai ake ɗorawa, domin giyar da ke tashi tana fasa abin da aka kulle ta a ciki.

Aikin mata ne tun asali. Maza su noma dawar, su sha, su yi gardama, amma murhu da kuɗinsa na mace ne. Da kuɗin giya Gwaggo ta sayi awaki, ta aurar da 'yarta, ta biya mini kuɗin jarrabawa. Na kuma ga magidantan da suka sayar da damin da za su ci da damina a gindin randar nan, ita ma ta gani, har akwai waɗanda take ƙwace wa ƙoƙo ta kira 'ya'yansu su raka su gida. Daga shekarar 2000, da aka ƙaddamar da shari'a a Katsina da Kano da wasu jihohi, sana'ar ta ja da baya ƙwarai a wajenmu. Kafin nan ma da yawa daga danginmu sun musulunta, wasu sun shiga coci mai hana sha, ni ma ina cikin waɗanda suka bari. A Filato da kudancin Kaduna da wajen Zuru har yanzu ana dafawa.

Burukutu ba ta ajiyuwa. Ranar farko zaƙi-zaƙi, ta biyu ƙarfi, ta uku ta zama ruwan tsami, sai a zubar ko a bar kaɗan don tayar da ta gaba. Shi ya sa Gwaggo ba ta taɓa dafa abin da ya fi ƙarfin kasuwa ɗaya ba. Murhun ya yi shekara 14 yana aiki, ana yi masa yaɓe duk bayan damina. Baƙar randar tana gidan 'yarta yanzu, gero ake zubawa a ciki.