Jiƙe-jiƙen tsofaffinmu: a daina ɓoye wa likita

A gidaje da yawa na cikin Badala za ka tarar da dattijo da ledar magani biyu: ta asibiti, da ta saiwoyi da sassaƙe daga Kasuwar Kurmi ko daga masu talla a mota da lasifika. Ba na raina maganin gargajiya. Abin da ke kwantar da mutane shi ne haɗa biyun ba da sanin likita ba.

In shekaru suka ja, ƙoda da hanta ba sa tace magani da sauri kamar da, sai ya taru a jiki. Zoɓo yana sauke hawan jini, garafuni yana sauke suga. Mai shan ƙwayar suga irin glibenclamide, in ya ɗora jiƙon garafuni, sugan na iya faɗuwa warwas. Sai gumi, sai karkarwa, magana ta rikice, iyali su ce ruɗewar tsufa ce. Filaskon da ake sha don basir yana sa gudawa, ya tsane ruwan jiki, abin da mai shan ƙwayar sa fitsari ba zai iya jurewa ba. Jar kanwa kuwa, ga mai hawan jini, ita da gishiri duk ɗaya.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne garin maganin sanyin ƙashi da ba a san haɗinsa ba. Akwai marasa tsoron Allah da ke niƙa ƙwayoyin asibiti irin dexamethasone ko diclofenac a ciki. Gwiwa ta lafa cikin kwana biyu, Baba ya yi ta sa albarka, daga baya fuska ta kumbura, suga ya hau, bayan gida ya koma baƙi ƙirin saboda jinin da ke zuba a ciki.

Lambar NAFDAC a jikin kwalba ba shaidar cewa maganin yana warkarwa ba ce. Wanda ba shi da lamba ko jerin abin da aka haɗa, a bar shi.

'Ya'ya da jikoki, ranar ganin likita a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ku tattara duk abin da Baba ko Inna ke sha, har ƙullin da ke ƙarƙashin matashi, ku nuna. Ku nemi gwajin ƙoda. Kada a ajiye ƙwayar hawan jini don an sami jiƙo. In fitsari ya ragu, ƙafa ta kumbura, ko ido ya yi rawaya, a tsayar da jiƙon a tafi asibiti a ranar.