Itace Da Kifi Ba Su San Iyaka Ba

Kowane manomi na ƙasar Gumel ya san iskar farkon damina. Gero ya tsiro ke nan, bai kai tsawon yatsa ba, sai hadari ya taso da guguwa, rairayi ya bi kunya ya binne shuka. Daga Maigatari zuwa Sule Tankarkar da Gagarawa, akwai shekarun da sai mutum ya yi shuka sau biyu ko uku kafin ta kama. Iri ya ƙare, kwanakin damina sun ragu.

Ita iskar nan ba ta tsayawa bakin iyaka a duba mata takarda. In an sare itatuwa a ƙasar Dungas da Magarya, gonakin Maigatari za su ji; in an sare a Maigatari, na Gumel za su ji. Dalilin da ya sa ke nan gwamnatoci suka daɗe suna haɗa kai a kan daji da ruwa. Ya kamata manomi da ɗan kasuwa su san yadda abin ya faro, da kuma rabonsu a cikin aikin.

Tun zamanin Turawa aka fara. Wani masanin daji na Ingila, Stebbing, ya ratsa ƙasashen nan, ya ba da labari cewa hamada tana gangarowa kudu. Sai Ingila da Faransa suka haɗa ma'aikatansu na daji, suka bi iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 da 1937. Abin da suka gano shi ne ba hamada ce ke tattaki ba, yawanci hannun mutum ne: sassabe, da gobarar daji, da saran itace ba a mayar da wani. Wannan magana har yau tana nan daram.

Bayan samun mulkin kai, a 1964 Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka kafa Hukumar Tafkin Cadi, don su riƙa shawara a kan ruwan tafkin da kogunan da ke zuba cikinsa. A 1971 kuma Nijeriya da Nijar suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta su biyu, ofishinta yana Yamai. Ta hannunta aka yi yarjejeniyar Maiduguri a 1990, wadda ta ce a raba ruwan kogunan iyaka bisa adalci, ciki har da Gulbin Maraɗi da Komadugu Yobe.

Wani zai ce, ina ruwan ƙasar Gumel da kogi, tun da ba ta da shi? To, ai bandar da ake kasawa a kasuwanninta daga fadamun Haɗeja da Nguru da wajen tafki take zuwa. Kogin Haɗeja da na Jama'are su ne ke haɗuwa su zama Komadugu Yobe, shi kuwa ya raba Nijeriya da Nijar kafin ya faɗa Tafkin Cadi. Da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara na Challawa a 1992, ambaliyar da kifi ke bi ya yi ƙwai a fadama ta ragu, kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Tafkin kansa, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya janye a farin shekarun 1980 har bai kai kashi ɗaya cikin goma na da ba, ko da yake ya ɗan farfaɗo daga baya. Kifi ya ragu a can, ya yi tsada a nan. Saboda haka a 2006 jihohi shida, watau Kano, Jigawa, Bauci, Yobe, Borno da Filato, suka kafa asusu ɗaya na gyaran kogunan nan.

Babban shiri na itace kuwa shi ne wanda ake kira Koriyar Ganuwa. Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ƙasashe 11 daga Senegal zuwa Jibuti. Da fari an so a dasa itatuwa a jere, tsawon kilomita 8,000, faɗin kilomita 15. Nijeriya ta kafa hukumarsa a 2015, Jigawa tana cikin jihohi 11 da aikin ya shafa. Nufin shi ne a gyara hekta miliyan 100 kafin 2030, amma lissafin 2020 ya nuna kamar miliyan 4 kaɗai aka yi. Dashe da yawa ya mutu, don ba mai ban ruwa, ba mai kora awaki. Itacen da ba na kowa ba, ba ya daɗewa.

A nan ne maƙwabta suka ba da darasi. A ƙasar Maraɗi, daga 1983, wani malamin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturen da ake sassabewa kowace shekara suna da rai, saiwarsu tana ƙasa. Manoma suka fara barin tohon ya girma. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, sai abin ya bazu har Damagaram. An ƙiyasta itatuwa miliyan 200 suka tashi a hekta miliyan 5, yawancinsu ba a dasa su ba.

Ga yadda ake yi:

1. Lokacin sharar gona, kafin a sa gatari, manomi ya zaga ya ga kututturen da ke toho: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya, kurna, dakwara.

2. A kowane kututture ya zaɓi toho 2 zuwa 5 masu ƙarfi, miƙaƙƙu, ya yanke sauran.

3. Waɗanda aka bari a rage musu rassan ƙasa zuwa rabin tsawonsu. Wuƙa ko gatari ya zama mai kaifi, a yi yankan daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawo ya ɗaye.

4. A ɗaura musu ƙyalle, don mai neman itacen wuta ya san da mai su. Rassan da aka yanke a kewaye gindi da su saboda dabbobi.

5. A fara da kamar itace 40 a hekta, watau 16 a eka, a koma a gyara su bayan 'yan watanni.

Gawo ya fi kowane amfani a gonar gero, don da damina yake kaɗe ganye, ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Dakwara tana ba da ƙaro na sayarwa. Jeren itatuwa kuwa yana karya iska har nisan da ya ninka tsawonsa sau goma.

'Yan kasuwa ma da nasu rabon. Mai sayen kifi ya ƙi wanda aka kashe da guba, ya ƙi ƙanana da aka kama da koma mai ƙaramin ido, don su ne kifin baɗi. Mai kiwon tarwaɗa a kwami ya zuba ruwan da ya sauya a gindin dashe. Mai fataucin itace da gawayi ya tambayi inda aka saro su.

A 2023, bayan juyin mulkin Nijar, an rufe iyaka, kasuwar Alhamis ta Maigatari ta ji jiki, sai a Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata gefen. Duk watannin nan iska ba ta fasa kaɗawa ba. Gwamnatoci kan shirya, su kan ɓata, amma kututturen da ke gona yana hannun mai gona. Kafin sharar bana, kowa ya zaga tasa ya ƙidaya.