Farantin da ba ya son mai

Ɗana, jiya da na leƙo shagonka na tarar kana kankare farantin firintarka mai buga kayan roba da wuƙa, ranka a ɓace, wai da safe robar ta ƙi kamawa, da rana kuma ta ƙi ɓamɓaruwa. Na yi shiru saboda yara sun cika ƙofa. Yanzu zauna ka ji.

Ka san tandar wainar gyatumarka. Kowane gurbi sai ta shafe shi da mai don kada ƙullu ya kama. To farantinka ba ya shiri da mai ko kaɗan. Maiƙon yatsa kawai ya isa ya hana shimfiɗar farko zama, balle ka ci ƙuli-ƙuli ka dafa shi. Ta gefe ake riƙe shi. Kafin kowane aiki ka goge shi da sifirit mai suna isopropyl da ƙyalle mai tsabta, amma sai yana da sanyi, don in da zafi sifirit ɗin tashi zai yi bai wanke komai ba. Ran Juma'a, ka cire shi ka wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke na ruwa, ka ɗauraye, ka tsane shi sarai. Soson ƙarfe kuwa, kada ya kusance shi.

Ga kuma hunturunmu na Rurum. Iskar da ke ratso duwatsun nan ƙura take kawowa, tana kuma huce robar da wuri har kusurwoyinta su ɗage. Rufe taga in kana aiki, in ka gama ka lulluɓe na'urar da zane.

Wuƙar nan ce ta fi damuna. Robar PLA tana kama faranti ne a zafi kamar digiri 60, in ya huce da kanta take saki. Jira shi, sannan ka ɗan lanƙwasa farantin, kayan zai ɓallo. Robar PETG ce mai naci, har fatar faranti mai santsi takan ɗauko. Shafa masa gam ɗin takarda irin na 'yan makaranta tukuna ya shiga tsakani. Kowane zane da wuƙa ta yi, a gindin duk abin da ka buga za ka riƙa ganinsa, sabon faranti kuma sai ka aika Kano.

In ka wanke shi gobe, ka buga mini maɓallin rediyona da ya karye. Zan aiko maka da tsohon ka ɗauki awo.